Amsa kan sifanar awo wajen haɗa inji

Ɗan'uwa, ka tambaya wace sifanar awo, wadda muke kira kile dinamo a garejojinmu, za ka saya don ɗaure kulas, wato kan injin Hilux ɗinka, kuma ko mai arahar kasuwa abin yarda ce. Na daɗe ina haɗa inji a nan Garwa, ga abin da aikin ya nuna mini.

Na fi riƙe mai ƙara, wadda ke yin ƙas idan an kai awon da aka saita, domin hannu da kunne ne ke sanar da kai. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 6789 ta yarda wa babbar irinta kuskuren kashi 4 cikin ɗari, sama ko ƙasa, amma yawancinsu ba su cika wannan alkawari sai daga kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinsu zuwa sama. Wato wadda iyakarta 200 N·m ce (N·m shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), kada ka amince da ita ƙasa da 40, shi ya sa ƙananan bulon, wato ƙusoshi masu haƙora, da ke shiga alminiyom suke buƙatar ƙaramar sifana tasu daban. Rauninta shi ne sifirin da ke cikinta. Na taɓa aron wata da aka ajiye a ɗaure wata da watanni, na ɗaure kulas da ita, motar ba ta kai Ngaundare ba jwan, wato gasket ɗin da ke ƙarƙashin kulas, ya ƙone, ni kuma na biya daga aljihuna. Tun ranar nake mayar da tawa ƙaramin awonta kafin in ajiye.

Mai allura ba ta da wannan ciwo muddin allurar na komawa sifili, sai dai dole idonka ya tsaya daidai kan lambar. Ta lantarki ta fi su daidaito, wasu ma suna auna digirin juyawa, amma tsadarta da batirinta sun sa ban damu da ita ba.

Mai araha kuwa, ka gwada ta kafin ka yanke mata hukunci. Sa ta a notin tayar babbar mota, hannunta a kwance, ka rataya jarkar ruwa da ka auna a sikeli a tsakiyar mariƙin. Kilo 20 a nisan rabin mita daga notin yana ba da kusan 98 N·m; idan awon da ta yi ƙara a kansa ya yi nesa da nan, mayar wa mai ita. A maimaita gwajin duk shekara, ko duk lokacin da ta faɗi ƙasa.

Abin da ya fi lalata aiki ma ba sifanar ba ce, haƙoran bulon ne. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da kake sawa gogayya ce ke cinye shi, ɗan ragowar ne ke miƙe bulon har ya danne jwan. Saboda haka bulon mai tsatsa ko ƙurar hunturu zai kai awo alhali bai riƙe komai ba, wanda aka shafa wa mai kuma, inda littafin injin ya ce a bushe, zai wuce kima. Ka wanke ramukan, ka fitar da mai da ruwan da suka kwanta ciki, domin suna iya fasa bulok, wato gangar jikin injin. Ka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, ka tsaya a ƙarar farko. Idan littafin ya ce a ƙara digiri 90 bayan awo, ka yi wa kan kowane bulon alama da fenti, kuma irin waɗannan bulon ni sababbi nake sawa.