Me ya sa ruwa ke yin sanyi idan an jiƙa Yuriya, kamfa kuma ta ƙi narkewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin rani ne a yankin Auyo, jihar Jigawa. Idan na zuba takin Yuriya a bokiti don in fesa wa shinkafa, yakan narke tas, amma ruwan ya yi sanyi ƙalau ko da tsakar rana ce. Wani ya ce mini alamar jabu ce, wani ya ce ƙarfin takin ne ke fita. Da na gwada kamfa kuma, na dama har na gaji, guggubi ya kwanta ya toshe mini bakin injin feshi. Maganin ƙwari kuwa yana taɓa ruwa sai ya koma fari fat. Wanne ne a cikinsu yake da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a kwashe lafiya. Babu mai matsala a cikin ukun, kowanne halinsa ya nuna. Sai dai ɗaya ne kacal ya narke gaba ɗaya a cikinsu, wato Yuriyar. Sauran biyun zaman haƙuri suke yi da ruwan, kuma yadda za ka bi da su daban ne.

Mu fara daga ruwan kansa. Kowace ƙwayar ruwa haɗi ce ta ƙwayar zarra ɗaya ta oksijin da biyu na haidurojin, kuma a lanƙwashe take, ba a miƙe ba. Wannan lanƙwasa ta sa gefen oksijin yana ɗauke da ɗan cajin lantarki iri ɗaya, gefen haidurojin yana ɗauke da kishiyarsa. Saboda haka duk abin da ke da caji a jikinsa, ruwa na da inda zai kama shi. Ka jefa gishiri, ƙwayoyin ruwa su yanyame shi, su riƙa ɓamɓaro sodiyam da kulorin ɗaya bayan ɗaya, su kewaye kowanne su tafi da shi. Wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya kawo bayanin wannan rarrabuwa a 1884, malamansa suka yi masa kallon hadarin kaji, sai ga shi a 1903 ya karɓi kyautar Nobel a kanta. Yuriya da sukari ba sa tsagewa gida biyu kamar gishiri, amma jikinsu na da wuraren da ruwa ke riƙewa, sai su watsu ƙwaya-ƙwaya. Alamar abu ya narke da gaske ita ce ruwan ya zama garau, ko ya kwana ba abin da zai kwanta, kuma ko an tace da ƙyalle ba abin da zai tsaya.

To sanyin fa? Kafin tsabar Yuriya ta wargaje, sai an kashe ƙarfi an raba ƙwayoyinta da juna. Idan ruwa ya rungume su kuma, wani ƙarfin yakan dawo. A wajen Yuriya, abin da aka kashe ya fi abin da ya dawo, cikon kuma daga zafin ruwan ake zararsa. Shi ke nan dalilin. Kilo ɗaya na Yuriya a lita 10 na ruwa zai sauke zafinsa da kamar maki 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyas. Naitirojin ɗin nan da ka saya, kashi 46 cikin 100 da ke rubuce a buhu, yana nan daram a bokitinka. Matan da ke haɗa sabulu sun san kishiyar wannan: suna zuba soda a ruwa sai roba ta ɗau zafi, domin ita abin da ya dawo ya fi abin da aka kashe. Shi ya sa ake zuba sodar a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara mata ruwa a kai.

Mai cewa jabu ce ya juya maganar ne. Yuriyar da ta narke tas ta sanyaya ruwa ta yi abin da ake tsammani daga gare ta. Wadda za ka zarga ita ce wadda ta bar yashi a gindin bokiti. Amma kada ka ɗauki wannan gwaji a matsayin hujja yankakkiya, don idan gishiri aka cakuɗa mata, shi ma narkewa zai yi ya ɓace.

Kowane abu da iyakar da ruwa ke iya ɗaukarsa. Idan zafin ruwa maki 20 ne, lita ɗaya na ɗaukar gishiri giram 360, Yuriya sama da kilo ɗaya, sukari kusan kilo biyu. Idan an kai iyaka, ko ka kwana kana damawa ba ƙari. Damawa da daka tsaba sauri kawai suke ƙarawa. Zafi ne ke matsar da iyakar, shi ma ba ga kowa ba: sukari a tafasasshen ruwa yakan ninka fiye da sau biyu, gishiri kuwa da ƙyar ya kai giram 390. In ka ga ragowar Yuriya ta yi taurin kai a ƙasa, sanyin da ta jawo ne ya rage mata sauri, ka ajiye bokitin a rana.

Kamfa ba abu ɗaya ba ce. A kowace tsaba akwai naitirojin da fotash, waɗanda ke narkewa nan da nan, akwai fosfet wanda wani ɓangarensa ba ya narkewa a ruwa zalla, sannan akwai ciko da abin da ake lulluɓe tsabar da shi don kada ta dunƙule a buhu. Su ne guggubin da ka gani. Sufa, wato takin fosfet, ta fi kamfa guggubi ma, domin kusan rabinta farar ƙasar nan ce ta jifsam, wadda lita ɗaya ba ta narkar da fiye da giram 2 zuwa 3. Don ƙasa aka yi waɗannan takin, inda danshi da saiwa za su ci su a hankali. Ni dai ban ga amfanin wahalar da injin feshi da su ba. Idan ta ganye kake son bayarwa, akwai kamfa mai kama da garin sukari da aka yi musamman don narkarwa, kuma za ka ga an rubuta haka a jikin ledar.

Maganin da ya yi fari kuwa, duba kwalbar, galibi za ka ga haruffan EC. Sinadarin da ke kashe ƙwarin ba ya shiri da ruwa, sai aka narkar da shi a wani abu mai maiƙo, aka ƙara masa dangin sabulu. Da ya shiga ruwa sai ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya rabewa, su ne ke watsa haske su ba da farin nan. Idan ka zuba ka ga mai ya taso sama maimakon fari, maganin ya lalace ko ruwan bai karɓe shi ba. Na gari mai haruffan WP shi kuma kamar ƙullun koko yake, ka daina motsawa ya kwanta. Manomi ya goya injin bai girgiza ba, farkon kunya ya sha magani har ya ƙone, ƙarshenta ya sha ruwa zalla, a dawo ana zagin mai shago. Ka fara kwaɓa na garin a ɗan kofi, ka zuba a tankin da ke da ruwa rabi, sannan na EC ya biyo baya, ka cika, kana tafe kana jijjigawa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya shafe ku masu ɗiba daga kanal. Maganin ciyawa irin gilaifoset yana narkewa sosai, sai dai yana manne wa laka, kuma ruwa mai yawan kalsiyam na ɗaure shi. Jan ruwan kanal zai cinye maka wani kaso na maganin tun bai taɓa ganye ba. Ka ɗebi ruwan tun da yamma, ya kwana ya kwanta, ka tsiyaye na sama ka tace.

Ita Yuriyar feshi, kada yawan abin da ruwa ke iya ɗauka ya ruɗe ka. Ganye ba ya jure ruwan taki mai kauri, domin janye masa ruwan jikinsa yake yi ya ƙone. Abin da aka saba bayarwa shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato giram 160 zuwa 320 a injin goyo mai lita 16. Ka auna sau ɗaya a sikelin mai shago, ka yi wa gwangwaninka alama, ka fesa da sassafe ko da la'asar sakaliya, kuma ka fara gwadawa a kan fangali ɗaya kafin ka bi gonar duka.