Wane Cuku Zan Saya Don Gashin Danish A Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sha'awar gasa wa yarana danish, wato burodin nan mai falle-falle, irin mai cuku da 'ya'yan itace a tsakiya. Sau biyu ina gwadawa, cukun yana narkewa ya malale a tire, ƙasan kuma ya fito a danƙare. Me ya kamata in saya? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ina kyautata zaton matsalarki tun daga kanti ta samo asali. Cuku mai laushi da ake wannan gashi da shi iri biyu ne: akwai na dunƙule mai ɗan tauri, akwai kuma na roba ko na kwalba wanda aka sassauta domin shafa wa burodi, shi ne kuwa yake sakin jiki da zarar ya ji wuta. Idan kin samu cuku mai suna Philadelphia na dunƙule, shi za ki ɗauka. Idan ya yi tsada, cuku mai suna Kiri zai wadatar. Ki haɗa giram 200 da cokali 3 na sukari, gwaiduwar ƙwai ɗaya da ɗan ruwan lemon tsami, domin gwaiduwar ce take kama cukun ya tsaya wuri guda. Idan duk babu, ki zuba kindirmo mai kauri a tsumma mai tsabta, ki bar shi ya kwana yana tsiyaya a firji. Ya fi tsami, amma ni ina son sa da mangwaro.

Danƙarewar kuma daga kwaɓin take. Danish na asali, wanda mutanen Denmak da kansu suke kira burodin Biyana (babban birnin Austriya), da yis ake kwaɓa shi, ana naɗe bota a ciki ninki bayan ninki, aikin da yakan ci yini. Maimakon haka, ki sayi daskararren kwaɓi mai falle-falle da manyan kantuna suke ajiyewa a firiza. Kafin ki biya, ki taɓa kwalin: idan ya jiƙe, ko ƙanƙara ta taru a cikin ledar, to ya taɓa narkewa lokacin ɗauke wuta ya sake daskarewa, kuma ba zai tashi da kyau ba. Dalili shi ne, kitsen da ke tsakanin fallayen ne yake raba su har tururi ya samu damar ɗaga su, saboda haka dole kwaɓin ya shiga oben da sanyinsa, oben ɗin kuma ya riga ya kai digiri 200. Ki yanka shi murabba'i, ki tsattsaga tsakiyar da cokali mai yatsu, ki ɗora cokali ɗaya kacal na cukun, ki gasa minti 15 zuwa 20.

Game da 'ya'yan itace, tuffa da sitiroberin Jos sun fi sauƙin sha'ani. Abarba da mangwaro suna buƙatar a ɗan dafa su da sukari har ruwansu ya tsotse. Kankana da lemo kuwa ki bar wa yaran su sha a gefe. Abin da ya rage ki adana shi a firji saboda cukun, ki ɗumama a oben kafin a ci.