Filin Masu Ɗaukar Hoto: Tsohon Soro, Kasuwa da Zamiyar Ƙanƙara

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga hoton natsuwa, wanda ba na biki ba ne kuma ba na taro ba: bango, lungu, mutane suna harkar gabansu. Mun zaɓi guda huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan zaga cikin birni ina ɗaukar tsofaffin soraye da wayata, musamman wajen Gidan Makama da unguwannin da ke kewaye da Kurmi. Zanen jikin bango da ido ke gani ɓaro-ɓaro, a hoto sai ya fito a shafe. Ginin kuma yakan fito kamar zai faɗi ta baya. Laifin waya ne?
Mai karatu daga Fagge, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wayarka ba ta da laifi ko ɗaya.

Zanen bangon gargajiya, dagi ne ko waninsa, magini ya tayar da shi ne a jikin yaɓe, tudu da kwari. Abin da ke nuna tudu da kwari a hoto kuwa inuwa ce. Idan rana ta bugi bangon gaba da gaba, ko hadari ya rufe ta, inuwa ta tafi, zane ya kwanta. Ana son hasken da ya zo ta gefe yana shafar bangon, yadda kowane tudu zai jefa 'yar inuwarsa.

A nan ne shawarar nan ta "ka fita da sassafe ko da yamma" take yaudarar mutane, don ba kowane bango ta dace da shi ba. Ka fara duba inda bangon ya fuskanta. Wanda ya kalli gabas, da sassafe rana na dukansa kai tsaye, launi zai yi kyau amma zane ba zai tashi ba. Lokacinsa wajen ƙarfe 11 zuwa 12 ne, sa'ad da rana ta yi sama tana gangarowa a jikinsa. Wanda ya kalli yamma, wajen ƙarfe 1 zuwa 2. Bangon da ya kalli kudu shi ne na safe da la'asar, musamman daga Oktoba zuwa Fabrairu, domin a watannin nan rana takan karkata kudu. A Disamba ko da tsakar rana ba ta wuce kimanin digiri 55 a samaniyar Kano. Bangon da ya kalli arewa kuwa a inuwa yake yini duk tsawon hunturu. Sai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ke ratsawa ta arewacin kanmu. Ka ga ke nan akwai ƙofar gidan da sai ka jira Mayu ko Yuni kafin ka sami hotonta yadda ya kamata, ka kuma yi fatan ranar babu hadari.

Batun gini mai faɗuwa ta baya, ɗaga kan waya ne ke jawo shi. Ka tsaya kusa, kana son zankwaye su shigo, sai ka karkata wayar sama. Ƙasan ginin ya fi kusa da kai, samansa ya fi nisa, don haka gefunan bango biyu suke matsowa juna ta sama. Maganinsa: ka ja da baya, ka riƙe wayar a miƙe sak, ka kunna layukan raga da ke cikin saitin kyamara, ka daidaita ɗaya daga cikinsu da gefen ƙofa. Idan wayarka na da idon 2x ko 3x na gaske, yi amfani da shi daga nesa. Ka guji 0.5x, shi ya fi kowanne lanƙwasa gini. Jawo hoto da yatsu biyu kuma yanke shi kawai yake yi, ingancinsa ya ragu.

Lungunan cikin birni ba su cika ba da wurin ja da baya ba. In haka ta faru, kada ka nace sai gidan duka ya shiga. Ɗauki zanko ɗaya da indararon da ke ƙarƙashinsa, ko bakin azara da ya leƙo, ko inda makuba ta ɓare tubali ya bayyana. Ana iya miƙar da gini daga baya a manhajar gyaran hoto, amma gyaran yana cin gefuna, saboda haka ka bar sarari dama da hagu tun wajen ɗauka.

Cikin zaure kuma wata matsala ce: ƙofa na da haske, ciki na da duhu, wayar ba ta iya riƙe duka biyun. Taɓa wurin da kake so ya fito a fuskar wayar, ka ja alamar rana ƙasa kaɗan har hasken ƙofa ya daina ƙonewa, ka jingina gwiwar hannu da bango don kada hannu ya yi rawa. Kada ka kunna filasha. Tana kashe inuwar bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin, inuwar kuwa ita ce kyan rufin.

A ganinmu kada ka goge wayar lantarki, kwanon rufi ko babur da aka jingina. Su ne za su gaya wa mai kallo nan gaba zamanin da aka ɗauki hoton. Wani Bafaranshe, Eugène Atget, ya shafe kusan shekara 30 yana ɗaukar tsofaffin lungunan Paris har rasuwarsa a 1927, kuma da dama daga abin da ya ɗauka an rushe. Hotunan suka zama shaida. Gidajen ƙasa namu ma kowace damina raguwa suke yi, bulo na maye gurbinsu. Rubuta sunan unguwa da kwanan wata ga kowane hoto. Kuma ka yi sallama da mai gida kafin ka ɗaga waya. A bakin fada, ka tambayi dogarai.

Tambaya: Ina karatu a Ottawa, ƙasar Kanada. Na je kallon masu zamiya a kan ƙanƙarar magudanar Rido da kyamarata. Dusar ƙanƙara ta fito toka-toka, wani wurin shuɗi, mutane sun yi duhu, batir ya mutu da wuri, da na koma ɗaki kuma gilashin kyamarar ya yi gumi. Me zan yi?
Wata ɗaliba daga Ottawa

Amsa: Sannu da sanyi, 'yar'uwa. Ga waɗanda ba su san wurin ba, Rido magudanar ruwa ce da aka gama haƙawa a 1832. Idan ta daskare, ana share kilomita 7.8 nata a tsakiyar birnin don masu takalmin zamiya, kuma ba a buɗewa sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 30. A hunturun 2023 ba a buɗe ba sam saboda sanyin bai isa ba. Don haka ki duba sanarwar hukuma kafin ki fita, in an rufe kada ki taka.

Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, matsakaicin toka ne. Da ya ga fari ya cika wuri sai ya zaci haske ya yi yawa, ya rage. Sakamakon shi ne abin da kika gani: dusa ta zama toka, mutane suka ƙara duhu. Nemi maɓallin da ke da alamar +/- ki kai shi +1. In fari ya mamaye kusan duka hoton, ki je +1.7 ko +2. Ki riƙa duba hoton. Idan dusar ta zama fari fat babu ko sawun takalmi a cikinta, kin wuce gona da iri, ki rage kaɗan. Shuɗin kuwa daga inuwa yake zuwa, don abin da ke haska inuwa shi ne shuɗin sama. Ki sauya daidaiton launi zuwa alamar gajimare, ko ki sa 6500K a ma'aunin ɗumin launi. Kada ki kore shuɗin gaba ɗaya. Kaɗan daga cikinsa ne ke sa mai kallo ya ji sanyin wurin.

Motsi yana hannun saurin ƙiftawar kyamara. In kina son mai zamiya ya tsaya cak, 1/500 na daƙiƙa ya isa ga mai tafiya a hankali, 1/1000 ga mai gudu. Amma hoton natsuwa ya fi fitowa ta ɗaya ɓangaren, wato ƙiftawa a hankali. Ki ɗora kyamara a kan dogarin gada ko a kan ƙafa uku, ki sa 1/15 ko 1/8: gine-gine da bishiyoyi za su tsaya daram, masu zamiya su zama zirin launi. Da rana tsaka hasken dusa ya yi yawa ga wannan, ko da kin tsuke idon kyamara zuwa f/16 a kan ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke jin haske). Ki jira almuru. A Janairu rana na faɗuwa can tun wajen ƙarfe 4 da rabi zuwa 5, kuma minti 20 zuwa 30 bayan faɗuwarta fitilu sun kama, sama ba ta gama duhu ba. Daga gadar titin Laurier, in kika fuskanci arewa, za ki haɗa masu zamiya da tsohon otal ɗin Château Laurier na 1912 a hoto ɗaya. Akwai kuma bin mutum da kyamara: ki sa 1/30, ki juya daga ƙugu kina bin sa, ki danna ba tare da kin tsaya ba. Yawancin hotunan za su lalace, haka abin yake ga kowa. Ki ɗauka da yawa.

Batir bai lalace ba. Sanyi ne ke rage aikin sinadarin da ke cikinsa, in ya ji ɗumi ƙarfinsa na dawowa. Yawancin kyamarori an ƙera su ne don aiki daga digiri 0 zuwa 40, Ottawa kuwa takan kai 20 ƙasa da sifili. Ki riƙe batir biyu, ɗaya a aljihun ciki kusa da jiki, ki riƙa musanya su. Ki sa siririyar safar hannu a ƙarƙashin mai kauri, domin ƙarfe mai tsananin sanyi yana kama fata. Kada ki hura gilashi da baki. Numfashin zai daskare a kansa.

Gumin da kika gani shi ya fi haɗari, don ba a gilashi kaɗai yake tsayawa ba, har cikin kyamarar yake yi. Iskar ɗaki mai ɗumi ce ke sauke raɓa a kan abu mai sanyi. Tun kina waje ki cire katin hotuna, ki sa kyamarar a leda mai zif, ki rufe ruf, sannan ki shiga. Ki bar ta awa ɗaya zuwa biyu kafin ki buɗe; raɓar za ta sauka a bayan ledar. In ta riga ta jiƙe, cire batir, kada ki kunna, kada ki ɗora ta kan na'urar ɗumama ɗaki, ki bar ta ta bushe da kanta.

Tambaya: Ina son ɗaukar rayuwar kasuwa, amma da na ɗaga kyamara kowa sai ya gyara tsayuwa, yara su taru. Wanda na ɗauka a ɓoye kuma cunkushe yake fitowa.
Mai karatu daga Damagaram, Nijar

Amsa: Malam, daina farautar mutane, ka zaɓi wuri. Nemi inda bayan hoton yake da sauƙi: bango fili, bakin rumfa da haske ke ratsawa, ƙofar da ake shiga da fita. Gaisa da masu rumfar, ka faɗa musu abin da kake yi, in da hali ka sayi wani abu, ka zauna. Hotunan farko na masu gyara tsayuwa ne. Ɗauke su, ka nuna musu, su yi dariya. Bayan kamar rabin awa ciniki zai ɗauke hankalinsu. Hoton da ka zo nema daga nan yake farawa.

Ka gama saiti tun kafin mutum ya shigo: 1/250, f/8, ISO ya daidaita kansa. In kyamararka mai cikakken faifai ce (faifan ciki mai karɓar hoto, wanda ake kira full frame) da gilashin milimita 35, ka tsayar da saitin nisa a mita 3. Duk abin da ke tsakanin kimanin mita 2 da mita 7 zai fito tas, ba sai ka jira kyamara ta nemo mutum ba. Cunkoso kuma gefuna ne ke kawo shi. Kafin ka danna, zagaya kusurwa huɗu da ido: rabin kai, bakin bokiti, turken da ya tsiro a kan wani. Taku ɗaya zuwa dama yakan kawar da su.

Ɗauka a ɓoye ba ma ba da shawararsa. Matan aure sai da izini, wanda ya kau da kai ko ya ɗaga hannu ka sauke kyamara, mai bara da mara lafiya ba kayan ado ba ne. Shingen jami'an tsaro da barikoki kuwa ko kusa. In za ka daɗe kana zuwa, ka gabatar da kanka ga sarkin kasuwa.

Tambaya: Hazo ya sauka, duk hotuna fari-fari suke fitowa. In ajiye kyamara sai ya wuce?
Mai karatu daga Katsina

Amsa: A'a, Malam. Hazo yana cinye nesa ne, kusa tana nan. Sa abu mai duhu a gaba, kamar mai keke ko reshen bishiya, wani gini a tsakiya, sannan abin da ya dushe can baya, misali hasumiyar Gobarau. Hoton zai yi zurfi hawa uku. Ƙara haske da +0.3 zuwa +0.7 a maɓallin +/- don kada sama ta fito da datti. Kyamarar ce abin ji: kada ka sauya gilashi a waje, kuma kada ka goge shi da bakin riga, domin ƙurar hunturu tana da yashi, tana karce. Fara hure ta da robar hura iska, sannan ka shafa da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. In ka ga ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto, musamman a f/16, ƙura ta shiga kan faifan ciki. Kai wa mai gyara, kada ka sa auduga.