Filin Tambaya da Amsa: Tsoron Dare, Jita-jita da Dogon Jira

Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata yawancinsu a kan tsoro suke. Mun zaɓi huɗu, mun kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salama gare ku. Tun da aka kai hari wani ƙauye kusa da namu, wata biyu ke nan, ban ƙara yin barcin kirki ba. Wajen ƙarfe biyu na dare sai in farka zuciyata na dukan uku-uku, gumi ya jiƙe ni. Ko akuya ce ta taɓa kwanon ƙofa sai gabana ya faɗi. Wata a zumuntar mata ta ce rashin bangaskiya ne, wai mai bi na gaske ba ya tsoro. Zunubi nake yi? (Wata uwa, Kudancin Kaduna)

Amsa: Mama, sannu da wannan nauyi. Ki cire maganar zunubi daga ranki. Wataƙila 'yar'uwar da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma Littafi Mai Tsarki bai goyi bayanta ba. Dawuda, wanda ya kashe Goliyat, shi ne ya ce a Zabura 56:3 sa'ad da yake jin tsoro zai dogara ga Allah, kuma kan zaburar ya nuna lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat ne. Tsoro da dogara suna zaune tare a aya ɗaya. Ubangijinmu ma a Gatsemani ya shiga matsananciyar damuwa har zufarsa ta zama kamar ɗigon jini, shi da bai taɓa yin zunubi ba.

Abin da jikinki yake yi halitta ce. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ji alamar haɗari, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, gumi ya karyo, domin mutum ya iya tsira da ransa. Bayan tashin hankali irin wanda kuka gani, jikin yakan kasa bambanta akuya da ɗan bindiga. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Farkawar ba a hannunki take ba. Mintocin da ke biye da ita su ne a hannunki, nan ne kuma bangaskiya take da aiki.

Idan kin farka, kada ki ci gaba da kwanciya cikin duhu kina kasa kunne, a nan ne tunani yake hayayyafa. Tashi zaune, ƙafafunki a ƙasa. Ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi ta baki a hankali kina ƙirga shida, har sau goma. Fitar numfashin ce take rage gudun zuciya, shi ya sa aka fi tsawaita ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuƙar iska da ƙarfi da sauri. Wannan yakan kawo jiri, yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura, sai mutum ya zaci mutuwa ce ta zo, ya ƙara firgita.

Daga nan sai aya, da baki, ko da raɗa ce. Guda ɗaya tak, wadda kika haddace tun da rana, domin ƙarfe biyu na dare ba lokacin neman shafi da tocila ba ne. Zabura 4:8 ta dace, domin maganar kwanciya da barci cikin salama take yi. Sai addu'a bisa tsarin Filibiyawa 4:6, roƙo haɗe da godiya. Ki kira abin da sunansa: "Uba, ina tsoron a shigo mana, ina tsoron abin da zai sami yaran nan." Mutane da yawa sukan ce a kare su daga dukan mugun abu su tsaya nan, ainihin abin da ke cin ransu kuwa bai fito ba, sai su koma kwanciya da shi. Bayan roƙon, ki ambaci abu uku na jiya da kike gode wa Allah a kansu. Duka wannan bai wuce minti goma ba. In an ɗauki kamar minti ashirin barci bai zo ba, ki kunna ƙaramar fitila ki yi wani aiki marar hayaniya, kamar tsintar wake, sai idanu sun yi nauyi ki koma shimfiɗa.

Dare daga rana ake gyara shi. Goro, kofi da shayi mai ƙarfi, ki daina su daga ƙarfe biyu na rana, domin rabin abin da ke cikinsu mai hana barci yana nan a jini bayan awa biyar zuwa shida. Hotunan gawarwaki da ake turawa ta waya kuma, kada ki buɗe su ko kaɗan.

Ki karanta 1 Sarakuna 19 a natse. Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zauna a gindin wani itace a jeji yana roƙon mutuwa. Allah bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb aka yi masa magana, aka ce masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Barci, abinci, magana, sa'an nan ɗan'uwa a kusa. Zumuntar mata da ke karanta wannan, aikinku ke nan: wata ta je ta kwana da ita dare biyu ko uku a mako, a ci abinci tare, a saurare ta ba tare da yi mata wa'azi ba.

Tun da abin ya wuce wata guda, ki je asibiti. A auna hawan jini, a duba ƙarancin jini da ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, domin dukansu suna iya sa zuciya bugawa haka. In an ce jikin lafiya lau, ki nemi a tura ki wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai asibitin tarayya na wannan fanni a Barnawa, Kaduna. Babu abin kunya a ciki. Kada ki sayi maganin barci irin su diyazifam a kemis da kanki, jiki yana saurin sabawa da shi, daina shi kuma wahala ce. Ciwon ƙirji mai tsanani ko tunanin kashe kai ba a jira da su sai an sami sukuni, a ranar ake tafiya.

Tambaya: Ni shugaban matasa ne a ikkilisiyarmu. Kusan kowane mako sai an turo saƙo a WhatsApp cewa za a kawo hari ran Lahadi. Yaran nan sai su fusata, wasu har suna maganar ramuwa. Ni ma jinina yakan tafasa. Yaya zan riƙe su, in riƙe kaina? (Wani ɗan'uwa, Jos)

Amsa: Ɗan'uwa, fushin da kake gani tsoro ne ya sake riga. Dubi Bitrus a dare guda: ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, kafin zakara ya yi cara kuma ya yi mūsun Ubangijinsa sau uku, farkon a gaban wata baranya. Hannun da ya yi saurin sara da bakin da ya yi saurin mūsu, tsoro ɗaya ne ya tuƙa su. Karin Magana 25:28 ta kwatanta marar kamunkai da birnin da garunsa ya rushe, duk mai so ya shiga. Mai tura saƙon ƙarya ta nan yake shigo muku.

Nehemiya ya sha irin wannan lokacin da yake sake gina garun Urushalima. A sura 6, maƙiyinsa Sanballat ya aiko masa sau huɗu, a na biyar ya aiko da wasiƙa a buɗe, ba hatimi, domin kowa ya karanta a hanya, cike da an ce an ce. Nehemiya ya amsa a taƙaice cewa ƙage ne, ya gane so ake a tsorata su hannuwansu su yi sanyi, ya roƙi Allah ya ƙarfafa hannuwansa, ya koma bakin aiki. Garun ya ƙare cikin kwana 52. Amma ka lura da 4:9: sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana. Bai yi sakaci ba.

Ku kafa doka a rukuninku. Duk saƙon barazana, mutum biyu kaɗai za a tura wa, kai da dattijo ɗaya da majalisar ikkilisiya ta zaɓa, ba a watsa shi cikin rukuni. Ku biyun ku tambaya: wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe? Saƙon da ba shi da rana ko wuri, ko mai alamar kibiya biyu da ke nuna ya daɗe yana yawo, sau da yawa tsohon labari ne aka sake ɗumamawa. Ku kira wani da ke zaune a unguwar da aka ambata. In akwai ƙamshin gaskiya, fasto ya sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da mai unguwa, kuma ya kira shugabannin maƙwabtanku Musulmi, domin sau tari su ma ana turo musu saƙo a kanku. Lambobin nan a tara su tun ana zaune lafiya.

Kai kuma, in jininka ya tafasa, ajiye wayar minti talatin kafin ka rubuta komai. Yakubu 1:19-20 ya ce a yi saurin ji, a yi jinkirin magana da fushi, domin fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah. Maganar ramuwa ka tsaya a kanta da ƙafa biyu, Romawa 12:19 ba ta bar ƙofa ba. Yaro mai zafin kai kuma ka ba shi aiki: tsaron ƙofa, duba motocin da ke fakin, raka tsofaffi gida. Ƙarfin da ba a ba shi wurin zuwa ba, shi ne yake fita titi.

Tambaya: Shekara shida da aure, ba haihuwa. Dangin mijina sun fara maganar boka, wata kuma ta ce in je wurin wani mai sayar da man shafawa na addu'a. Ina tsoron a kore ni. Har yaushe zan yi haƙuri? (Wata 'yar'uwa, Gombe)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya share miki hawaye. Ba za mu iya faɗa miki rana ba, duk wanda kuma ya yanka miki rana a kan kuɗi, cinikin tsoronki yake yi.

Sarki Saul abin tsoro ne ga duk mai jira. A 1 Sama'ila 13 an ce ya jira Sama'ila kwana bakwai a Gilgal. Da ya ga mutanensa suna watsewa, sai ya miƙa hadayar da ba aikinsa ba ne, yana gamawa kuwa Sama'ila ya iso. A sura 28, shi da ya kori masu duba daga ƙasar da kansa, tsoro ya sa ya ɓad da kama ya tafi wurin wata mai duba a Endor da dare. Haka tsoro yake yi, yana kai mutum ƙofar da shi da kansa ya rufe. Wanda ya ce sai kin biya kafin Allah ya ji ki, ki tuna abin da Bitrus ya faɗa wa Saminu mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8:20, baiwar Allah ba a sayenta da kuɗi.

Haƙuri kuwa ba naɗe hannu ba ne. Yakubu 5:7 da manomi ya kwatanta shi, manomi kuma sai ya yi huɗa ya yi shuka sa'an nan yake jiran ruwa. Likitoci sun ce ma'aurata su zo a duba su bayan shekara ɗaya ba ciki, ko wata shida in matar ta wuce shekara 35. Ku biyu za ku je. Gwajin maniyyin namiji ya fi na mace sauƙi da araha, kuma sau da yawa matsalar daga wajensa take, amma a gidajenmu mace ake ta ɗura wa jiƙe-jiƙe shekara da shekaru ba a taɓa duba mijin ba. Wannan zalunci ne, ikkilisiya ma tana da laifin yin shiru a kai.

Ki sa mijinki ya karanta Farawa 25:20-26. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, aka haifi tagwayen yana da 60, kuma shi ne ya tsaya yana roƙon Ubangiji saboda matarsa. Amsa wa dangi aikin mijinki ne. Ku zauna da fasto da matarsa, ku tsai da magana ɗaya da zai riƙa faɗa musu, ku kuma ware minti goma kowane dare ku yi addu'a tare, har da daren da jinin wata ya zo, wanda shi ne ya fi ciwo.

Tambaya: Kakata takan buɗe Zabura 91 ta sa a ƙarƙashin matashin kai. Daidai ne? (Ɗaliba, Zariya)

Amsa: Ɗiyarmu, ƙaunar da kakarki take yi wa wannan zabura abu ne mai kyau, kada ki yi mata gatsal. Amma takarda da tawada ba sa tsaron kowa, in aka ɗauke su haka sun zama laya. Iblis ma ya jawo aya 11 da 12 na wannan zabura lokacin da ya gwada Yesu a kan ƙololuwar Haikali, Yesu ya amsa masa cewa kada a gwada Ubangiji Allah. Alkawarin na wanda yake zaune a inuwar Maɗaukaki ne, wato mai dogara gare shi.

Zaburar duka ayoyi 16 ce. Ku riƙa haddace biyu kowace yamma ke da ita, ki karanta ta maimaita, cikin kwana takwas kun gama. In idanunta sun yi rauni, ki ɗauki muryarki a waya kina karantawa a hankali, ta riƙa saurara kafin ta kwanta.