Amsa: Shin ƙudirin doka ya zama doka da zarar an karanta shi a majalisa?

Malam, ka tambaya ko ƙudirin da ɗan majalisa ya gabatar ya fara aiki. A'a, da sauran rina a kaba. A Najeriya sai an yi masa karatu na farko da na biyu, a tura wa kwamiti, galibi a saurari jama'a, sannan karatu na uku. Dole majalisar wakilai mai kujeru 360 da ta dattawa mai 109 su amince da shi iri ɗaya. Shugaban ƙasa na da kwana 30 ya sa hannu. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa zai iya tabbatar da shi. Ni dai zaman kwamiti nake so mu riƙa bibiya, don a nan ake sauya sassan ƙudiri.