Yaya ake gane ainihin hoton bugun katako na Japan?

Tambaya: Malam, na ga ana tallan hoton nan mai babbar igiyar teku na Hokusai, mai zanen Japan, a intanet, mai sayarwa ya ce na ainihi ne, kuɗinsa kuma bai kai dala ɗari biyu ba. In saya?

Amsa: Idan don ƙawata ɗaki kake so, babu laifi, amma kada ka biya kuɗin da tunanin cewa bugun zamanin Hokusai ne. A watan Maris na 2023 an sayar da kwafi ɗaya na wannan hoto a gwanjon Christie's da ke New York a kan dala miliyan 2.76, kuma duk dillalin da ke riƙe da irinsa ya san haka.

Ya kamata ka san yadda ake yin waɗannan hotuna da Japanawa ke kira ukiyo-e, domin a nan ne mafi yawan sababbin masu tarawa suke ruɗewa. Aikin mutum huɗu ne. Mawallafi shi ke zuba jari, mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a kife a kan katakon ceri ya sassaƙe shi, sannan mai bugu ya shafa launi ya ɗora takarda ya goga bayanta da wani faifai da ake kira baren. Zanen hannun mai zane yana lalacewa a wurin sassaƙa, don haka babu wani kwafi guda da za a ce shi ne uwa. Kowane launi da katakonsa, a 1765 ne mai zane Suzuki Harunobu ya yi fice da bugu mai launuka da yawa, kuma hotunan kayan talakawan birnin Edo (Tokyo ta yanzu) ne, kuɗin ɗaya bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. An buga hoton igiyar nan wajen 1831, aka ci gaba da bugawa dubbai har katakon ya cinye.

Saboda haka abin da masu tarawa ke dubawa shi ne lokacin da aka buga takardar da ke hannunsu. Bugun farko layukansa siriri ne, a haɗe, launin sama yana sauka a hankali daga duhu zuwa haske. Bugun baya kuwa za ka ga layi ya yi kauri ko ya tsinke, musamman a gefen akwatin da aka rubuta sunan hoton, wani lokaci ma an rage launi ɗaya don a sauƙaƙa aiki. Dukansu na zamanin ne, amma tazarar kuɗinsu tana da yawa ƙwarai.

Idan takarda ta zo hannunka, fara da gilashin ƙara girma. Ɗigo-ɗigo a jere alamar injin zamani ce, magana ta ƙare. Sai ka juya baya: bugun hannu yana barin sawun gugar baren, launi kuma yakan ratsa takardar Japan da ake kira washi ya leƙo. Wannan dai yana nuna aikin hannu ne kawai, bai nuna tsufa ba, domin gidan Adachi da aka kafa a Tokyo a 1928 yana sassaƙa sabon katako yana buga tsofaffin zane da hannu har yau. Aikinsu mai kyau ne kuma ba sa ɓoye abin da suke sayarwa. Matsalar tana tasowa ne in wani ya yanke gefen da ke ɗauke da shaidarsu ya ce tsoho ne. Akwai kuma ɗan hatimin masu tace ɗab'i da hukuma ta wajabta daga 1790 zuwa wajen 1875, wanda siffarsa ta riƙa sauyawa, har masana suna gane shekarar bugu da shi, ko da yake ba kowane hoto ke ɗauke da shi ba.

A ganina mai farawa ya bar Hokusai tukuna. Utagawa Kunisada, wanda ya rasu a 1865, ya fitar da dubban zane na 'yan wasan kwaikwayon Japan da ake kira kabuki, kuma saboda yawansu ana samun bugun zamaninsa a kuɗin da bai fi na wannan tallan da ka gani ba sosai. Riƙe irinsu a hannu yana koyar da ido fiye da kallon allon waya. Ka nemi dillali ya turo hoton gaba da baya, ya kuma faɗa a rubuce ko an yanke gefe, ko an manna wata takarda a baya, ko an toshe ramin cin ƙwaro.

Ajiya ma tana da nata sharaɗi. Jan da ake samu daga furen beni da shuɗin furen tsuyukusa suna koɗewa da sauri a haske, shi ya sa tsofaffin hotuna da yawa suka koma ruwan ƙasa. Kada ka rataye naka inda rana ke shigowa; ka sa shi a kwance tsakanin takardu marasa asid, nesa da laimar damina da gara, ka riƙa fito da shi idan za ka kalla.