Ƙanwata, kada ki sayi littattafan Latin tun kina gida

Saƙonki ya iso, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a tafiyar, ya sa Abban yara ya gama digirinsa lafiya. Kin ce a Buffalo ta jihar New York za ku sauka, kina son koyar da yaran biyu a gida, mai shekara 7 da mai 11, kuma wasu mata da suka riga ki zuwa sun ce miki karatun gida ba ya cika sai da Latin, wato tsohon harshen Rumawa, har sun jero miki sunayen littattafai kin rasa na ɗauka. Amsata a taƙaice: kada ki sayi ko ɗaya yanzu. Ga dalili.

Dokar jiha ce za ta fara cinye miki lokaci. Mu nan Texas ba a ma sanar da hukuma, abin da ake nema kawai a koyar da karatu, rubutun kalmomi, nahawu, lissafi da zama ɗan ƙasa nagari. New York ba haka take ba. Za ki rubuta wa hukumar makarantun yankinku takardar sanarwa, ki miƙa tsarin karatun kowane yaro, ki riƙa aika rahoto sau huɗu a shekara, sannan a yi gwajin ƙarshen shekara. Daga aji 1 zuwa 6 awa 900 ake so a shekara. Latin kuwa ba ya cikin darussan da aka wajabta. Ga sanyin Buffalo, ga neman gida, ga ke da bizar rakiya wadda ba a yin aiki da ita, wato kowace dala daga ɗan alawus ɗin maigida za ta fito. Ki bar wata shida su wuce tukuna kafin ki sayi littafin Latin.

To daga ina wannan son Latin ɗin ya fito? A 1947 wata marubuciya 'yar Ingila, Dorothy Sayers, ta gabatar da lacca a Oxford tana kira da a koma tsarin karatun dā, na nahawu da manɗiƙi da balaga. Bayan shekaru sai wasu makarantun Kirista a Amurka suka rungumi ra'ayin, masu karatun gida suka biyo baya. Wannan tarihin yana da amfani a gare ki, domin shi ya sa yawancin littattafan Latin da ake tallata wa iyaye a nan daga kamfanonin Kirista suke. Ba su ɓoye ba, kuma ba laifi ba ne, don 'ya'yansu suka rubuta. Amma ke ya kamata ki buɗe littafi kafin ki biya. Na Memoria Press, kamfanin da ke Louisville ta Kentucky, wato Prima Latina da Latina Christiana, tsarinsu mai kyau ne ƙwarai ga uwar da ba ta taɓa karanta Latin ba, darasi gajere, ga littafin malami, ga bidiyo. Sai dai cikin abin da yaro zai haddace akwai addu'o'in coci, har da ta cin abinci. Ana iya tsallakewa, amma sai kin zauna kin yi tankaɗe da rairaya darasi bayan darasi. Shi kuwa littafin Henle, wani limamin Katolika ne ya rubuta shi, jimlolinsa ko dai addini ne ko yaƙin Rumawa da mutanen Gol, wato yankin Faransa ta yau. Ba na yara ƙanana ba ne ma.

Littattafan nan gida biyu ne. Akwai masu fara wa yaro da haddar jadawalin ƙarshen kalmomi, ya yi ta rerawa kafin ya karanta labari ko ɗaya. Akwai kuma masu jefa shi cikin labari tun shafin farko, nahawun ya biyo a hankali. Matan nan za su yi ta musu a kan wanne ya fi, kamar gardamar ƙwallo. Ni dai tambayar da nake yi ita ce: wa zai zauna da yaron kullum, kuma me ya sani?

Ke kin yi nahawun Larabci a Islamiyya, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne. Abin da ke karya ƙashin bayan 'ya'yan Turawa a Latin shi ne ƙarshen suna yana canzawa gwargwadon aikinsa a jimla, abin da Ingilishi ya kusa rasawa gaba ɗaya. Wanda ya san rafa'u da nasabu da jarru ya riga ya gane dabarar, illa dai a Larabci uku ne, a Latin shida. Bakin Bahaushe ma ya fi dacewa da shi. Latin yana bambanta dogon wasali da gajere, yana nannaga baƙi mai ruɓi, yana kaɗa harshe a kan "r", duk abubuwan da yaranki suke yi tun suna goye. Saboda haka kada kowa ya tsorata ki cewa sai kin ɗauki malami.

Ga babban yaron, wanda na fi so shi ne Familia Romana na Hans Ørberg, wani malami ɗan Denmak. Babi 35 ne, kuma babu kalmar Ingilishi ko ɗaya a ciki. Shafin farko taswira ce, ga jimla a ƙasa mai cewa Rum tana Italiya, Italiya tana Turai, da Latin zalla, yaro ya duba taswira ya gane da kansa. Na ga yadda ɗiyata ta ɗora yatsa a kan kogin Nilu tana karanta layin da ƙarfi, ta ɗago ta ce ai ba a fassara mata ba amma ta ji. Ga yaron da Ingilishinsa bai gama zama ba, wannan babbar rahama ce, tunda ba sai ya bi ta wani harshen ya isa ga wani ba. Aibinsa shi ne daga wajen babi na takwas hanya takan yi tudu, sabbin kalmomi su yi yawa, kuma uwa ba za ta iya miƙa littafi ta koma kicin ba. Sai kin riga shi karanta babin da daddare. Akwai littattafan taimako da na aikin gida da aka yi don shi, su ma ki sa su cikin lissafi.

Idan kin ga hakan zai yi nauyi, akwai Cambridge Latin Course, wanda aka fara fitarwa a Ingila a 1970. Labarin gidan wani attajiri ne mai suna Caecilius a garin Pompeii, har zuwa ranar da dutsen Besubiyus ya yi aman wuta a shekara ta 79 ya binne garin. Yara suna son sa don suna ɗokin jin yadda za ta kaya. Babu wa'azi a ciki, amma akwai gumakan Rumawa da bayi da shan giya, domin haka rayuwarsu take. Wannan kam ba littafin Latin da za ki samu babu shi, sai dai ki zauna ki yi wa yaro bayani yadda za ki yi masa in kuna karanta tarihin Fir'auna.

Wheelock kuma da aka sa miki a jerin, ki goge shi. Don ɗaliban jami'a aka rubuta shi a 1956.

Ƙaramar fa, ki ƙyale ta. Yarinya mai shekara 7 da ta canza ƙasa tana da Ingilishi a gabanta, ga hadda, ga Hausar da in ba ki tsaya tsayin daka ba za ta zube cikin shekara biyu. Na ga gidaje a nan da yaro ke rera jadawalin Latin amma ba ya iya gaida kakarsa a waya. In ta matsa don ta ga yayanta yana yi, akwai Minimus, ɗan littafi mai zane na wani ɓera da ke zaune a gidan Rumawa a Vindolanda, kusa da katangar Hadrian a arewacin Ingila. Wasa-wasa ne, ya ishe ta.

Sai maganar furuci, don iri biyu ne. Na coci yana bin lafazin Italiyanci, na dā kuma shi ake ji a yawancin jami'o'i, inda "c" kullum "k" ce, "v" kuma "w". Memoria Press na coci suke bi. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai, kada bidiyo ya ce wani abu ke ki ce wani.

Game da abin da aka gaya miki cewa Latin yana ɗaga makin jarrabawar shiga jami'a, ki ɗauki rabi ki bar rabi. Yaran da ke yin Latin galibi dama masu yawan karatu ne daga gidajen da ake karatu. Jarrabawar Latin ta SAT, wato ɗaya daga cikin na shiga jami'a a nan, ita ma an soke ta tun 2021 tare da sauran na darussa ɗaiɗai. In burinki yaro ya zama likita ne, kalmomin likitanci da yawa daga Girkanci suke, kuma ƙaramin littafin saiwoyin kalmomi zai biya wannan buƙatar. Wanda ya yi Latin da gaske kuwa yana iya zama jarrabawar National Latin Exam da ake yi duk shekara, 'yan karatun gida ma suna shiga, kuma takardarta tana da kyau a fayil ɗin yaro.

In kun sauka kun huta, ki yi katin laburaren unguwa, kyauta ne da shaidar adireshi. Ki nemi Getting Started with Latin na William Linney, in babu shi a reshenku ki ce su aro miki daga wani. Kowane darasi abu ɗaya tak yake koyarwa, kuma akwai sautinsa kyauta a intanet. Ke da yaron ku yi minti goma sha biyar bayan la'asar har wata biyu. In har lokacin shi ke tuna miki, sai ki kira ni in aiko miki da Ørberg ɗinmu, yana nan cikin kwali, sai 'yan rubuce-rubucen fensir a gefe. Ki gaida Hajiya, ki ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.